Igiyar da Ta Rage wa Zakariyya'u

Zakariyya'u ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya ce mini mugu ne sai mun hau sama mun faɗo. Ni ce Ladi mai farfesu, rumfata tana bakin titi a Makera, gaba kaɗan da tsohuwar masaƙa. Ni na goya shi, na san shi tun yana gudun zakara. Amma ba zan yi ƙarya don in wanke shi ba. Akwai shekarun da in ya yi sallama a ƙofar gida, yaransa sai su bar wasa su shige ɗaki.

Gidanmu gidan fawa ne. Babanmu mahauci, kakanmu mahauci, sun zo Kaduna tun masaƙu na aiki dare da rana, ma'aikata na sayen nama ba ciniki. Zakariyya'u da wuƙa a hannu ya tashi. Allah ya ba shi hannun fiɗa, in ya feɗe sa fatar takan fita ba huji ko ɗaya, masu sayen fata har rububinta suke yi. Gajere ne kakkaura, da wata 'yar siririyar murya da ba ta dace da ƙirjinsa ba. Ba ya shan komai sai shayi da kofi. Ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ko ba kowa sai ya leƙa waje ya kirawo wani. In ana ƙwallo a rediyo kuwa, ko gobara ake yi ba ya ji.

Matarsa Fiddausi tela ce, 'yar Unguwar Sanusi. Tana da baki irin nawa, shi ya sa muke shiri. 'Ya'yansu uku, babbar ita ce Khadija. Mutanen nan suna son juna, wallahi suna so, ni shaida ce. Sai dai kowa ya san aure igiya uku ne. In ta farko ta tsinke a ƙulla, in ta biyu ta tsinke a ƙulla, amma ran da ta uku ta tsinke ba malamin da zai iya gyarawa, sai dai mace ta je ta auri wani. To Zakariyya'u ya tsinka biyu da bakinsa, saura ɗaya.

Ta farko a kan shayi aka yi. Shayi fa! Ya dawo daga kwata ransa a ɓace, ta kawo masa ya huce, ya yi magana, ta mayar masa. Kafin ka ce me, ya yi jifa da kofin ya furta. Da na iso na tarar da shi a bakin kwalbatin ƙofar gida yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Kafin ta gama idda ya mayar da ita.

Daga nan manya suka zauna, mu mata ba a kira mu ba. Kawu Sani, ƙanin babanmu, shi ne babba a kwatar da suke aiki, kuma shi ya yanke hukunci.

"Jini ne," in ji shi. "Mun sha gani. Wanda ke kallon jini kullum zuciyarsa bushewa take yi. A ɗauke yaron nan daga yanka da fiɗa, a mayar da shi babbaka, ya huta da ganin ja."

Kowa ya ce Kawu ya yi hangen nesa. Haka rundawa, wato mahauta, suka gada, in mahauci ya cika zafi sai a ce jini ne ya hau masa kai, a nisanta shi da wuƙa.

Wanda bai san babbaka ba, a bayan kwata ake yin ta. Nan ake ƙone gashin kai da ƙafa da ganda kafin a kankare a wanke. Itace ya yi tsada, don haka tsofaffin tayoyi ake yayyankawa a cinna musu wuta, hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi ya rufe wurin. Da can Zakariyya'u sai iska ta juyo yake shaƙar hayaƙin nan. Yanzu a tsakiyarsa yake tsayawa tun safe har azahar, da sunan magani.

Tabɗi! Sai abu ya ƙaru. Barci ya ƙaurace masa, ya rame. Ya yi faɗa da mai keke a kan hon, ya yi faɗa da mai sayen ƙafa a kan kallo. Bai taɓa dukan Fiddausi ba, wannan kam zan dafa Alƙur'ani, bango yake naushi har ya targaɗe yatsu. Wata ranar Lahadi yana tsugune yana wanke ƙafa, faranti ya suɓuce mata ya faɗi a bayansa. Ya zabura kamar an harbe shi, ya juyo ido jawur yana ihu, ita ma ta ɗaga murya, igiya ta biyu ta tafi. A kan faranti, jama'a.

Ta kwashe yara ta tafi gidansu. Babanta ya ce shi ba zai tilasta mata komawa ba. Ita da kanta ta ce za ta koma, amma a gabana ta tsayar da shi a zaure ta gaya masa.

"Baban Khadija, saura ɗaya. Ni ba na son barinka, Allah ya sani. Bakinka ne zai kore ni, kuma ran da ya kore ni kukanka ba zai dawo da ni ba."

"Na ji," in ji shi.

"Ba ji nake so ba. Ka nemo abin da ke damunka."

Nema kam ya yi. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turare, addu'a kuwa mun yi kuma muna kan yi. Yakan samu sauƙi ranar Juma'a da ba ya zuwa aiki, Asabar ya koma kwata ya dawo kamar an hura shi. Ba wanda ya lura da wannan, sai daga baya muka tuna.

Yanzu dole in kawo maganar Sadiƙ, autanmu, ko da yake ba na so. Shekarar babban rikicin nan da ya raba garin Kaduna, su biyun suna samari. Suna dawowa daga kwata da nama a kwano gari ya rikice. Washegari sojoji suka kawo mana Zakariyya'u shi kaɗai. Sadiƙ ko gawarsa ba mu gani ba. Ba zan ce su wane suka yi ba, domin a makon nan kowane ɓangare ya binne nasa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, aka ce a yi haƙuri. Zakariyya'u ya koma aiki, bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Akwai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, Sista Comfort, 'yar kudancin Kaduna. Katanga ɗaya muke da su a Makera kafin rikicin, bayan an ƙone gidanta ta koma unguwar Television. Nas ce, ta yi aiki a asibitin masaƙa, da masaƙa ta rufe ta koma asibitin ƙwaƙwalwa har ta yi ritaya. Duk Asabar sai ta hawo keke ta zo shan farfesuna, tana ci tana ce mini na cika yaji, ni kuma in ce mata ta cika tsegumi.

Wata Asabar tana zaune Zakariyya'u ya kawo mini kai da ƙafa da ƙoda, shi kansa baƙi ƙirin da toka. Ya gaishe ta da ladabi, har suna dariya. Sai mai facin da ke gefena ya cinna wa tarkacen robarsa wuta, hayaƙin ya shigo rumfa. Ni ban ma kula ba. Na ce masa, "Ya'u, kan nan ƙarami ne yau." Shi ke nan fa abin da na faɗa. Ya buga kwanon a ƙasa ya hau ni da masifa, wai na raina shi, wai kullum sai na kushe masa kaya. Ni ma na ɗaura ɗamara zan rama, sai Sista ta ɗaga mini hannu.

"Zakari, zo nan. Ba ni hannunka."

Ita ta karɓi haihuwarsa, ba ya iya yi mata musu. Ta dafa wuyan hannunsa tana auna bugun jininsa.

"Zuciyarka gudu take yi kamar an biyo ka. Ga gumi, ga bakinka ya bushe. Kafin Ladi ta yi magana na ga jijiyar wuyanka ta tashi. Ba maganarta ba ce. Tun da hayaƙin can ya shigo ka canja." Ta dube shi sosai. "Ina kake ranar da aka rasa Sadiƙ?"

Na ɗauka zai fizge hannu ya fita. Sai ya zauna a kan benci.

"A cikin kwalbati," in ji shi da wannan 'yar muryar tasa. "An tare hanya da tayoyi ana ƙonawa. Muka watse, na faɗa kwalbati. Hayaƙin yana shigowa, na toshe hancina da hula don kada in yi tari a ji ni. Ina jin Sadiƙ yana kiran Yaya, Yaya. Ban fito ba, Sista. Har ya daina ban fito ba."

Na zauna a ƙasa da ludayi a hannu. Shekara ashirin da wani abu yaron nan yana ɗauke da wannan, ni da nake cewa na san shi ban sani ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin duniya gaba ɗaya.

Sista ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta ce in miƙo mata kan san da aka fasa kafin in wanke, da ƙodar da kitsenta. Ta ɗauki tsinken tsire ta nuna can ƙasan ƙwaƙwalwar.

"Kai ka fi ni sanin cikin sa, to namu ma kusan haka yake. A nan ciki akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, aikinsa gadi. In ya ga haɗari ba ya shawara da kowa. Kuma wari ya fi komai saurin isa gare shi, kafin tunani ya ji labari shi ya ji. Ranar nan a kwalbati ya haddace warin taya, ya ce wannan mutuwa ce. Har yau bai san an gama ba."

Ta juya ƙodar, ta tona kitsen da ke samanta, ta fito da wani ɗan nama.

"Ka san wannan?"

"Muna yar da shi," in ji shi.

"To shi mai gadin yake aika wa saƙo. Sai ya zuba wani sinadari a jini. Zuciya ta hau bugu, jini ya koma hannu da ƙafa, ciki ya tsaya da aiki, baki ya bushe. Nan gaban goshi kuma, inda ake auna magana kafin a faɗe ta, sai ya yi rauni. Jikinka ya shirya faɗa da masu kashe ka. Ka shigo gida ba masu kisa, sai Fiddausi da faranti. Abin da ke kama ka tsoro ne, Zakari, fushin daga baya yake zuwa."

Nan ya miƙe.

"Tsoro? Ni? Haba Sista! Ni nake kayar da bijimin da ya gagari mutum biyar."

"Wane bijimi ne ya fi tunkuyi?"

"Wanda aka firgita."

"Namansa fa?"

"Baƙi. Ga tauri, kuma ba ya jure ajiya."

"To kai tun kana saurayi ake koro ka, ba ka tsaya ba. Ba hauka ba ne, ba mugun hali ba ne. Amma ka ji ni da kyau, ba uzuri nake ba ka ba. Abin da ke tashi a jikinka ba kai ka kira shi ba, abin da bakinka ya faɗa kuwa naka ne. Akwai likitocin wannan. Ka je."

Da ya ji wane asibiti take nufi sai ya ce ina, shi ba za a gan shi a asibitin mahaukata ba, gobe a kwata a ce Zakariyya'u ya zare. Na ce masa, "Da a ce ka zare da a ce Fiddausi ta tare a gidan wani, wanne ka zaɓa?" Ranar Litinin da sassafe na ji sallamarsa, ya yi wanka ya sa farar shadda. Na rufe rumfa, na ɗauko gyalena mai tsada, don duk mai son gulma ya ganni da kyau, muka tafi. A hanya ya sa na rantse ba zan gaya wa Fiddausi maganar kwalbati ba, balle maganar tsoro. Ita dai abin da ya gaya mata shi ne likita ya ce jininsa ke hawa.

Likitar wata matashiya ce mai haƙuri. Ta ba shi maganin barci na ɗan lokaci, ta hana shi kofi, ta sa yana zuwa suna magana. Ta koya masa ya riƙa lura da jikinsa tun abin bai kai baki ba, wato in ya ji tafin hannunsa ya jiƙe, ƙirji ya ɗau bugu, to an taso. Ya zauna ƙasa, ya ja numfashi, ya fitar da shi a hankali ya fi jan tsawo, domin fitar numfashi a hankali ita ke rage wa zuciya gudu. In da ruwan sanyi ya zuba a fuska. Ya ce mata ai malamai ma haka suke cewa, mai fushi ya zauna, ya yi alwala. Ta ce to ya haɗa duka. Ta ƙara da cewa in ya iya faɗin sunan abin da yake ji da bakinsa, ƙarfin abin raguwa yake yi. Wannan kam ya ce a bar shi tukuna.

Abu na farko da ya yi, ya je ya sami Kawu Sani ya ce ya bar babbaka.

"Kawu, ba jini ba ne. Hayaƙi ne."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce tun kaka da kakanni bai taɓa jin mahaucin da hayaƙi ya sa ya saki matarsa ba. Zakariyya'u ya ce to ga shi an fara daga kansa, ya ɗauki wuƙarsa ya koma fiɗa. Kawu ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarsa har wata ya juya.

Abu na biyu ya fi wuya. Likita ta ce gudun hayaƙin ba zai warkar da shi ba, domin a garin nan ba inda ba a ƙona taya. Sai dai ya koya wa mai gadin can cewa warin nan yanzu ba mutuwa ba ne. Don haka kullum da safe kafin ya taɓa wuƙa, sai ya je ya tsaya daga nesa inda yake jin warin kaɗan, ya yi ta numfashi har zuciyarsa ta sauka. In ta sauka ya tafi aikinsa. Bayan kwanaki ya matsa kusa. Abokan aikinsa suka ga mutum tsaye ƙiƙam yana hura iska, suka sa masa suna Sufeton Hayaƙi, suna sara masa in ya wuce. Wata rana ya kasa daurewa ya karya musu benci. Washegari ya kawo kafinta ya gyara, ya koma ya tsaya inda ya tsaya jiya. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai ya yi amfani irin wannan ba.

A gida suka yi yarjejeniya da Fiddausi, in ya zauna ƙasa ya ɗaga hannu, ta yi shiru har ya tashi. Ita ma ta sha wuya, don haɗiye magana a wurin irinmu ba ƙaramin aiki ba ne. Wani lokaci takan zo rumfata ta zazzage mini duk abin da ta haɗiye, in ba ta farfesu ta koma. Ya fara barci, ya fara ƙiba. Yaran suka daina shigewa ɗaki in ya yi sallama. Aka ci damina, aka ci rani, igiya tana nan.

Sai wata ranar Alhamis a daminar da ta biyo. Wata babbar mota ta take wani ɗan acaɓa a hanyar Abuja, wajen Gonin Gora. Matasa suka fusata suka tare titi da tayoyi. Kun san garin nan, kafin azahar labari ya zama iri goma, masu shago suna ja da ƙofa, iyaye na gudu makarantu. Wasu ma da ba su san abin da ya faru ba suka cinna tasu wutar a mahaɗar hanyoyi. Zakariyya'u ya kira Fiddausi daga kwata ya ce kada yaro ko ɗaya ya fita. Ta ce to. Abin da ba ta gaya masa ba, tun da hantsi ta aiki Khadija Television ta kai ɗinkin wata amarya, ba waya a hannunta, kuma wayar amaryar ba ta shiga. Ta yi zaton yarinyar za ta dawo kafin shi.

Na rufe rumfa na tafi gidan Zakariyya'u, gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, matan gidan duk suna tsakar gida. Ba keke ba acaɓa, don haka a ƙafa ya dawo, ta cikin hayaƙin, ba daga nesa ba kuma ba da shiri ba. Da ya shigo na ga rigarsa sharkaf da gumi, jijiyar wuyansa a tsaye. Ya dubi yara biyu a kan tabarma.

"Ina Khadija?"

Fiddausi tana tsaye da waya a hannu, ita ma duk ta firgice. Irinmu kuwa in muka firgice baki ne ke yin gaba.

"Na aike ta tun safe. Ina na san za a yi haka? Ɗinkin biki ne, in riƙe wa mutane kayansu?"

"Na kira ki kika ce to."

"To me kake so in ce? In gaya maka ka haukace mini a waya?"

Innalillahi. Na ga idonsa ya juye, hannuwansa sun dunƙule. Bai zauna ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tako har gabanta.

"Fiddausi, ki saurare ni da kyau."

Da waɗannan kalmomin ya fara sau biyun baya, ita ta sani, ni na sani. Wata maƙwabciya ta fara salati. Na so in tashi in toshe masa baki, amma na san ko na toshe yau ba zan toshe gobe ba. Fiddausi ta rufe ido. Na ga bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Sai na ji iska na fita daga bakin a hankali, doguwa, har da ɗan fito. Ya ja wata ya sake fitarwa. Sannan ya zauna daɓas a cikin caɓin tsakar gida.

"Tsoro nake ji," in ji shi.

Ta buɗe ido.

"Wallahi tsoro nake ji, Fiddausi. Ba jinina ke hawa ba, ƙarya na yi miki. Haka Sadiƙ ya tafi, cikin irin hayaƙin nan. Yana kirana ina cikin kwalbati na ƙi fitowa. Tun ran nan tsoro nake ji. Duk ihun da na yi miki tsoro ne."

A gaban matan haya fa, mahauci ɗan mahauci, yana faɗin wannan yana hawaye. Ba wadda ta yi dariya. Fiddausi ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ɗauko buta, ta durƙusa a cikin caɓin da zanenta mai kyau, ta zuba ruwa a tafinta ta shafa masa a fuska da wuya. Ba ta ce komai ba, kuma wannan karon ba haɗiyewa ta yi ba. Ni ce ma na fashe da kuka, har yaran suka zo suna ba ni haƙuri.

Da numfashinsa ya daidaita ya miƙe ya gyara hularsa.

"Zan je in ɗauko ta."

"Ta cikin wancan?" na ce, ina nuna baƙin da ya tokare sama ta wajen titi. "Ya'u, ka bari ya lafa mana."

"A'a, Yaya. Wannan karon zan fita."

Fiddausi ta shiga ɗaki ta fito da hijabinta. Ya ce ta zauna, ta ce ba ta zama. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu har kwanar layi. Yakan yi tafiya kaɗan ya tsaya ya fitar da numfashi, ita kuma ta tsaya a gefensa ta jira.

Gab da magariba suka dawo su uku. Ashe uwar amaryar ce ta hana Khadija fita da ta ga hayaƙi, ta zaunar da ita har ta ba ta shinkafa. Yarinyar ta shige ɗaki tana ba ƙannenta labari, Zakariyya'u ya ɗauki buta ya tafi alwala. Fiddausi ta zo ta zauna kusa da ni a bakin murhu, zanenta duk laka.

"Yaya," in ji ta, "duk shekarun nan ina kwana da shirin tafiya. Kayana masu kyau ma ban taɓa fito da su daga akwati ba."

"Yanzu fa?"

"Ki zo gobe ki taya ni jerawa."